Bertrand Russell: shekara 97, aure huɗu, da 'yar da ta koma coci

A Gozaki da sauran garuruwan noma na tsakanin Funtuwa da Malumfashi, idan yaro ya dawo hutu daga jami'a ya ce falsafa yake karantawa, gaban mahaifinsa faɗuwa yake yi. Tsoron da ake ji shi ne kada boko ya raba shi da salla. Duk wanda ya shiga wannan fanni kuwa sai ya ci karo da Bertrand Russell, malamin falsafa ɗan Birtaniya da ya yi suna wajen musun addini. Ni Musulmi ne, kuma a kan samuwar Allah hanyata da tasa ba su haɗu ba. Amma tarihin gidansa ya cancanci iyaye su san shi, don ya nuna cewa imani ba gona ba ne da za a raba wa magada.

An haife shi ranar 18 ga Mayu 1872. Yana da shekara talatin Turawa suka shiga Katsina a 1903, kuma bai rasu ba sai 2 ga Fabrairu 1970, makonni kaɗan bayan ƙarewar yaƙin basasar Nijeriya. Ɗan sarauta ne: kakansa, Lord John Russell, sau biyu yana riƙe firaministan Birtaniya. Sai dai gatan bai hana shi maraici ba. Ciwon mashaƙo ya kashe mahaifiyarsa da yayarsa a 1874, mahaifinsa ya bi su a 1876. Mahaifin ya bar wasiyya cewa wasu mutum biyu marasa addini su riƙe 'ya'yansa. Kakanni suka ƙi, aka rushe wasiyyar, yaron ya tashi a hannun kakarsa, mace mai tsananin riƙo da Kiristanci. Ta yi iya yinta. Duk da haka, yana kai shekara 18 ya ajiye addinin gaba ɗaya, bayan shekaru yana kokawa da tambayoyinsa shi kaɗai ba tare da ya faɗa wa kowa a gidan ba. A ganina wannan shirun ya fi kowane littafi yi masa illa: yaro yana da tambaya, gida kuma ba wurin da za a yi ta.

Ilminsa ba abin musu ba ne. Ya shiga jami'ar Kambirij a 1890, kuma shi da malaminsa Whitehead suka fitar da Principia Mathematica, juzu'i uku tsakanin 1910 da 1913, inda suka nemi kafa lissafi kan tushen manɗiƙi, ilmin da almajiran zaure ma suka san sunansa. Ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1950. Kuma mutum ne mai tsayawa kan abin da ya yarda da shi ko da zai sha wuya. Adawarsa da Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa aka kore shi daga koyarwa a 1916, aka yanke masa ɗaurin wata shida a 1918. A 1940 kotu a Amurka ta soke kujerar farfesa da aka ba shi a Niyok saboda ra'ayoyinsa kan aure da ɗabi'a. Yana da shekara 89 aka sake kulle shi na mako guda kan zanga-zangar ƙin makaman nukiliya. Saƙonsa na ƙarshe, wanda aka karanta a wani taron 'yan majalisu a Alƙahira kwana ɗaya bayan mutuwarsa, kare haƙƙin Falasɗinawa da aka raba da gidajensu ya yi. Adalci ne a faɗi wannan.

A cikin gida ne labarin ya yi nauyi. Ya auri Alys a 1894, ya daina sonta tun auren bai yi nisa ba, suka rabu a 1921. Ita kuwa ba ta sake aure ba har ta mutu. A shekarar ya auri Dora, suka haifi John da Katharine, suka kuma buɗe makarantar Beacon Hill a 1927 don rainon yara ba tare da tsoro ko koyarwar addini ba. Auren ya mutu a 1935 cikin rikici a kotu, yaran suka rasa inda za su sa kansu. Mata ta uku, Patricia, ta haifa masa Conrad a 1937, kuma bayan rabuwarsu uba da ɗa sun yi shekaru masu yawa ba sa ganin juna, sai dab da ƙarshen rayuwar uban suka shirya. John ya yi fama da taɓin hankali. Sai a hannun Edith, wadda ya aura a 1952 yana da shekara tamanin, ya sami natsuwa. Mutumin da ya damu da makomar bil'adama duka ya kasa tsare zukatan waɗanda suke kwana ƙarƙashin rufinsa, kuma ban ga yadda yawan littattafai zai goge wannan ba.

Katharine, wadda aka raina ba coci ba addu'a, da girmanta ta karɓi Kiristanci. Mijinta Ba'amurke ya zama limamin coci, har suka yi aikin mishan a Yuganda. Uban bai yanke ta ba, ya ma taimaka musu da kuɗi. A littafin da ta rubuta a kansa a 1975 ta faɗi ciwon ƙuruciyarta ba ɓoye-ɓoye, ta kuma ce a fahimtarta neman Allah mahaifinta ya yi ta yi duk rayuwarsa. Shi dai bai taɓa yarda da haka ba, kuma bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa ba tare da wata addu'a ba. Katharine ta rasu a 2021, ita ma tana da shekara 97.