Birus da ƙotar gatari

Yara, kun san ƙyanda, kun san mura, kun ji labarin sida. Wani ɗan ƙanƙanin abu ne ke kawo su, sunansa birus. Ido ba ya ganinsa. Ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna shi.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin kowace ƙwaya akwai ma'aikata masu yawa, ana kiransu furotin. Birus ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙwayar, ya sa ma'aikatanta su ƙera masa ƴaƴa. Baƙo ne marar kunya!

To, yaya yake sa su aiki? Shi ma yana da nasa furotin. Furotin ɗinsa yana kama na ƙwayar, su haɗu daram, kamar ruwan gatari da ƙotarsa. Ku duba gatarin da ake saran itace da shi a gonakin Ollelewa. In aka cusa ɗan tsinke cikin ramin ƙota, ruwan ba ya shiga. Gatari ba ya sara ke nan.

Wannan dabarar ce masana suke bi. Suna neman magani wanda zai toshe wurin haɗuwar. Aikin da wuya, domin ƙwayar tana bukatar ma'aikatanta. In maganin ya hana su nasu aikin, mutum ya sha wahala. Kuma birus yana canza kama.

Amma an samu nasara a kan birus ɗin sida, cutar da aka fara gani a Nijar a 1987. Wannan birus yana da ɓawo. Furotin na ƙwaya ne ke kama ɓawon, su rako shi har tsakiyarta. Wani magani mai suna lenacapavir yana manne a daidai wurin da suke kamawa. An yarda da shi a Turai da Amurka a 2022. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi amfani da shi don rigakafi, allura 2 a shekara.

Ita ƙyanda, har yanzu ba ta da maganin da ke kashe birus ɗinta. Allurar rigakafi ce ke tsare ƙannenku. Shi ya sa ma'aikatan lafiya na Tanut suke zagaya ƙauyuka da ruggage da sandukinsu mai sanyi.