Yadda Za Ki Kula da Shuke-shuken Akwatin Kifin Ado

Hirarmu ta yau a kan akwatin gilashin nan ce da ake cika wa ruwa a zuba ƙananan kifaye don ƙawata falo. Sai dai kifin za mu bar shi gefe tukuna, mu duba shuke-shuken da ake dasawa a ciki. Mata da yawa sukan sayo su da kuɗinsu, bayan mako biyu ganye ya ruɓe, ruwa ya yi kore, sai a haƙura a koma ga furen roba.

To me ya sa za ki wahala da mai rai alhali ga na roba? Kin ga kashin kifi da ragowar abincinsa idan sun ruɓe suna fitar da wani sinadari mai suna amoniya, wanda guba ne ga kifi. Shuka kuwa wannan abin shi ne takinta. Tana zuƙe shi, kuma muddin akwai haske tana sakin iskar da kifi ke shaƙa. Furen roba ba ya yin ko ɗaya, sai tara datti.

Tun a wurin saye ake cin riba ko a yi asara. Ke da kike farawa, ki nemi masu juriya. Ta farko ita ce Anubias, mai ganye kore shar, mai kauri. Kuma 'yar gida ce, don asalinta daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Ta saba da inuwa, saboda haka ba ta neman haske mai yawa. Ta biyu ana ce mata Java fern, daga kudu maso gabashin Asiya take. Sai Vallisneria, mai dogayen ganye kamar zirin kaba. Amma ki yi hattara da ɗan karan nan mai kama da gora da ake sayarwa cikin kwalba, Dracaena. Saiwarsa na son ruwa, amma idan ganyen ya nutse ruɓewa yake yi.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, ki saurara da kyau. Anubias da Java fern suna da wani kara mai kauri da ke kwance, kamar ɗanyar citta, daga jikinsa ganye da saiwa suke fitowa. Wannan karan ba a binne shi. Idan kika tura shi cikin tsakuwa kamar mai dashen albasa, zai ruɓe, shukar ta mutu gaba ɗaya. Abin da za ki yi shi ne ki ɗaure shi a jikin dutse da zaren ɗinki, ba da ƙarfi ba, cikin 'yan makonni saiwar za ta kama da kanta. Vallisneria ce ake dasawa a ƙasa, ita ma saiwar kawai za ki rufe, ki bar wuyanta a waje. In sun zo a ɗan kofin roba da wani abu kamar auduga, ki cire shi tsaf kafin dashe.

Kada hankalinki ya tashi idan wasu ganyen suka narke a makonnin farko. Masu renon shukar galibi a sarari suke renonta, saiwa a ruwa, ganye a iska. Da ta nutse sai ta zubar da tsohon ganye ta fito da sabo. Ki yanke ruɓaɓɓen da almakashi, ki bar ta a inda take. Yawan cirewa da sake dasawa shi ke ƙarasa ta.

Sai maganar haske. Fitilar akwatin awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar, da dare a kashe. Wata za ta ce ai bari in ajiye shi bakin taga, rana kyauta ce. Ranarmu ta yi wa akwati ƙarfi, 'yar'uwa. Gansakuka ce za ta rufe gilashin da ganyen, kuma da bazara ruwan zai yi zafi, alhali yawancin shuke-shuken nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. Idan an ɗauke wuta kwana ɗaya ko biyu ba komai, hasken ɗaki zai riƙe Anubias. Kada dai ki ce za ki rama mata da barin fitila har asuba.

Duk mako ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki zuba sabo. In na famfo ne, akwai maganin da ake zuba masa a gidan ruwa, kulorin, wanda ke cutar da kifi. Ki tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, ko ki ɗiga masa maganin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa, wannan ya fi tabbas. Bokitin kuma kada ya zama na wanki. Takin zamani na gonar maigida, ko da ɗan tsunkule ne, kada ya kusanci akwatin, zai iya kashe kifin. Ga waɗannan shuke-shuke kashin kifi yakan kusan isa.

Ki lura da irin kifin ma. Karfasa da jan kifin nan goldfish haƙa suke yi, suna tumɓuke dashe suna cin ganye mai laushi. Ƙanana irin su guppy ba ruwansu.

Na san wata za ta tambaya, ga kainuwa fal a kududdufin bayan gari, ba za ta yi ba? Tana yi, don tana shan datti sosai. Amma takan zo da ƙananan katantanwa a saiwarta, kuma wasunsu su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Kada ki aiki yara su shiga ruwan ɗebo ta. In kin samu, ki sa safar roba ki wanke ta, ki ajiye ta a wani bokiti daban mako biyu kina tsince katantanwar. Bayan kin saka ta kuma ki riƙa ragewa, don idan ta rufe fuskar ruwan na ƙasa ba za su ga haske ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.