Yadda Hoto Yake Tafiya Daga Gari Zuwa Gari

Yara, a zamanin kakanninmu idan mutum yana son ganin ɗan'uwansa da ke wani gari, sai ya yi guzuri ya kama hanya. Idan tafiya ba ta yiwu ba, ya aika saƙo ko wasiƙa. Yau mutumin da ke Tawa yana iya gaisawa da ƙanensa da ke Damagaram ta waya, kowa yana kallon fuskar kowa. To, wace hanya hoton nan yake bi? Don me wani lokaci yake tsayawa cik? Abin da za mu koya ke nan.

Telebijin a cikin aji

A shekarar 1964 aka fara koyar da yara ta telebijin a ƙasarmu Nijar, da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a Yamai, a aika shi zuwa makarantu. Yara suna zaune a aji suna kallon akwati, hoton kuwa baƙi da fari ne. Suna ganin malamin da ke cikin akwati, amma shi ba ya ganinsu. Ko yaro ya ɗaga hannu, malamin bai sani ba. A 1979 aka buɗe telebijin ta ƙasa, wato Télé Sahel. Ita ma hanya ɗaya take bi, daga tasha zuwa gidaje.

A shekarar nan ta 1964 kuma, a wani babban baje-koli a birnin Niyok na Amurka, kamfanin waya na Bell ya nuna wayar da ake ganin mai magana. Tana da tsada ƙwarai, mutane ba su karɓe ta ba. Sai da kwamfuta da intanet suka yaɗu, sannan ganin juna daga nesa ya zama abin kowa.

Hoto ɗige-ɗige ne

Ku dubi tabarma mai ado. Daga nesa kuna ganin zane. Idan kuka matsa kusa, sai ku ga kaba ce aka saƙa ɗaya bayan ɗaya. Haka hoton da ke fuskar waya yake. Ƙananan ɗigogi ne aka jera layi-layi. Kowane ɗigo ana haɗa launinsa da haske iri 3: ja, kore da shuɗi. Kamara tana auna ƙarfin kowane haske, ta mai da shi lamba.

Hoto mai motsi kuwa ba motsi yake yi ba. Hotuna ne masu yawa suke bin juna da sauri, kamar 25 a sakan ɗaya. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kamar mutum yana tafiya.

Bari mu yi lissafi. Hoto mai kyau yana da layi 720, kowane layi yana da ɗigo 1280. Idan muka ninka, ɗigogin hoto ɗaya sun haura dubu 900. Idan muka sake ninkawa sau 25, sun haura miliyan 23 a sakan ɗaya tak. Wannan kaya ya yi wa hanya nauyi.

A rage kaya

Saboda haka, kafin a aika hoto sai na'ura ta rage kayan. Ku ɗauka malam yana bayani a gaban allo. Bakinsa yana motsi, hannunsa yana motsi, amma bango da allo suna nan yadda suke. Na'ura tana aika cikakken hoto sau ɗaya. Bayan haka sai ta riƙa aika abin da ya canza kawai. Can bayan ɗan lokaci ta sake aika wani cikakke. Shi ya sa hoton mutum a zaune ba shi da nauyi kamar hoton kokawa, inda kome yake motsi.

Ƙunshi-ƙunshi a kan hanya

Wanda zai kai hatsi kasuwa ba ya zuba rumbu guda cikin mota. Buhu-buhu yake ɗurawa. Haka na'ura take yanka lambobin hoto da na murya ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda za shi, da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri. Wani ƙunshi yana iya riga na gabansa isa. Na'urar da ta karɓa ita ce take jera su daidai, ta mai da su hoto.

Daga waya, ƙunshin yana bin iska zuwa dogon ƙarfen sadarwa da ke kusa. Daga can yakan shiga zaren gilashi da aka binne a ƙasa. Zaren nan siriri ne kamar gashin kai, haske ne yake gudu a cikinsa. Tsakanin nahiyoyi an shimfiɗa irinsa a ƙarƙashin teku. Nijar ba ta da bakin teku, don haka zarenta yana ratsa ƙasashen maƙwabta, kamar Benin, kafin ya kai ga na teku.

Akwai kuma hanyar tauraron ɗan'adam. Irin taurarin da ke watsa telebijin suna sama da mu da kilomita kusan dubu 36. Saƙo yana gudun kilomita dubu 300 a sakan ɗaya. Hawa da sauka kilomita dubu 72 ne, wato kusan rubu'in sakan. Kafin amsa ta komo, rabin sakan ya wuce. Shi ya sa ɗan jarida da ke nesa yakan yi shiru kaɗan kafin ya amsa tambaya.

Rumbu da randa

Fim da darussan da ake kallo ta intanet ana ajiye su cikin manyan kwamfutoci, kamar hatsi a rumbu. Idan aka kawo sabon fim, na'ura da kanta take yin kwafinsa iri-iri: babba, matsakaici da ƙarami. Ba a jiran wani ma'aikaci ya yi. Idan hanya tana da ƙarfi, a aiko maka babba. Idan ta raunana, a koma ƙarami, sai ka ga hoton ya yi dishi-dishi.

Wayarka kuma tana da ƴar randa. Tana tara ƙunshi kaɗan kafin ta fara nunawa. Idan abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, randa ta ƙafe, hoto ya tsaya.

Taro daga nesa

A taro ba a iya tara ƙunshi da yawa, domin magana ba ta jira. Kowa yana aika hotonsa da muryarsa ga wata babbar kwamfuta, ita kuma ta rarraba wa sauran nan take. Ƙunshin da ya makara, an bar shi ke nan. Shi ya sa murya take yankewa. A 2020, da cutar korona ta hana taruwa, ma'aikata da ɗalibai na ƙasashe da yawa sun koma taro da karatu ta Zoom da makamantansa. Inda babu lantarki ko hanya mai ƙarfi, yara da yawa ba su samu wannan karatu ba.

Abin tunawa

Hoto ya fi murya nauyi nesa ba kusa ba, kuɗin waya kuwa da nauyin kaya ake cinsa. Idan hanya ba ta da ƙarfi, ka rufe kamara, murya za ta fita sarai. Idan kuɗi kaɗan ne, ka zaɓi ƙaramin hoto. A taro, wanda ba shi da magana ya rufe makirfo, don kada kukan akuyar gidansu ya dami jama'a.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin darasin telebijin na 1964 da taro daga nesa na yau?
2. Ku ninka 1280 sau 720. Ɗigo nawa kuka samu?
3. Don me ake sa wa kowane ƙunshi lamba?
4. Wanne ya fi nauyi, hoton malam a zaune ko hoton kokawa? Ku faɗi dalili.
5. Ku zana hanyar da hoto yake bi daga waya zuwa waya.