Ƙwayar Da Ke Nunar Da Daddawa Ba Ta Almubazzaranci

Duk uwargidan da ta sayo daddawa a kasuwar Tarauni ta kaɗa miyar kuka a Darmanawa, ta ci moriyar wata halitta wadda ido ba ya gani. Sunanta Bacillus subtilis, tana cikin ƙwayoyin bakteriya. Bayan an dafa kalwa an cire ɓawonta, aka rufe ta kwana biyu ko uku, ita ce ke farfasa furotin ɗin da ke ciki ya zama ƙananan gutsattsari waɗanda masana ke kira amino asid. Ɗaya daga cikinsu, watau gulutamet, shi ne ke ba miya ɗanɗano.

Da amino asid iri 20 ake gina furotin, ƙwayar kuwa tana bukatar dukkansu domin gina nata jikin. Wanda ta samu a kalwa ta ɗauka, wanda ya gaza ta ƙera da kanta. To, ƙerawar tana cin ƙarfi, saboda haka ba ta farawa sai da dalili. Yaya take sanin wanda ya yi ƙaranci?

A cikinta akwai wasu 'yan dako da ake kira tRNA, kowanne da irin amino asid ɗin da yake kaiwa wurin gini. Masu ɗora musu kaya wasu sinadarai ne, ana ce da su sintetes. Idan wani iri ya yi ƙaranci, sai 'yan dakonsa su taru babu kaya. Ɗan dakon da ba shi da kaya yakan maƙale a farkon saƙon da ake kwafowa daga ƙwayar gado, ya hana a katse shi. Nan take sai umarni ya fita, a ƙara ƙera wannan amino asid ko mai ɗora shi. Da zarar kaya ya wadata, sai kwafar ta tsaya. Frank Grundy da Tina Henkin ne suka bayyana wannan tsari a Amurka a shekarar 1993.

Maganar ba ta tsaya a tukunya ba. Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, tana da irin wannan tsari, jikin ɗan Adam kuwa ba shi da shi. Shi ya sa masana ke neman maganin da zai toshe shi, domin kuwa ƙwayoyin cuta suna ƙara bijire wa tsofaffin magunguna. Tuni ma akwai man shafawa, mupirocin, wanda aikinsa shi ne tsai da ɗaya daga cikin masu ɗora kayan, ginin furotin ya tsaya, ƙwayar ta kasa yaɗuwa.