Faifan ajiya ya ƙi fitowa a kwamfuta: a duba wuta kafin a ce ya mutu

Littafin bashi na ɗan kasuwa, takardun ma'aikata na wani buro, hotunan iyali na shekara goma, duka yau ana tara su cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda masu sana'a ke ce ma disk dur, mu kuwa za mu kira shi faifan ajiya. Ranar da aka jona shi da kwamfuta ta yi kamar ba ta san da shi ba, hankalin mai shi na tashi, kuma cikin wannan tashin hankali ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Alhali kuwa, in kwamfutar irin ƴar ƙaramar nan ce mai faranti guda, sau da yawa faifan lafiyarsa lau, wuta ce ba ta ishe shi ba.

Ƙaramar kwamfuta, babban kaya

Wadda aka fi sani cikin irin waɗannan kwamfutoci ita ce Raspberry Pi. Wata gidauniya ta birnin Kambirij na ƙasar Ingila, wadda Eben Upton ke cikin waɗanda suka kafa ta, ita ta fitar da ita a shekarar 2012 kan dalar Amurka 35, don yara su koyi sarrafa kwamfuta. Tsawonta milimita 85, faɗinta 56, kuma dukan kayan cikinta kan faranti guda suke. Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, wat 3 zuwa 7 take ci, abin da bai kai cin ƙwan lantarki guda ba. Shi ya sa take aiki da batir da wutar hasken rana, shi ya sa kuma ake sa ta a makarantun da ba su da intanet, a zuba mata kundin Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix, ko a ajiye ta a lungun kanti ta zama rumbun da sauran na'urori ke zuba takardunsu.

To, amma cikinta ƙarami ne. Kan ɗan katin ajiya irin na salula take tashi, saboda hakanan duk mai son ajiya mai yawa sai ya jona mata faifai ta ƙofar USB. Nan ne rigimar take farawa, domin an ɗora ma ɗan jaki kayan raƙumi.

Yunwar wuta

Jama'a masu karatu, wutar lantarki kamar ruwan famfo take. Wolt shi ne ƙarfin da ruwan ke fitowa da shi, amfer kuwa shi ne yawansa. Faifan ajiya na aljihu, mai inci 2,5, akwai faranti cikinsa da ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti guda, kuma lokacin da zai tashi daga tsaye ne yake zuƙar wuta mafi yawa, har ta kusa amfer guda. Ƙa'idar USB 2 rabin amfer ta tanada ma kowace ƙofa, ta USB 3 kuwa amfer 0,9. A Raspberry Pi 4, ƙofofin nan huɗu gaba ɗaya amfer 1,2 suke rabawa tsakaninsu. In an jona madannin rubutu, da linzami, da wata na'ura ta kama intanet, abin da ya saura ma faifan ba ya tada shi.

Raspberry Pi 5, ta shekarar 2023, tana da nata hali. In ta ga sharjar da aka ba ta ba ta kai amfer 5 ba, sai ta taƙaita ma ƙofofinta wuta zuwa amfer 0,6 kacal. Da sharjarta ta asali mai wat 27 kuwa tana sakar musu amfer 1,6. Mutum na iya sayen sabuwar kwamfuta da sabon faifai, ya haɗa su da sharjar salula, ya kwana yana zargin wanda ya saida masa kaya.

Alamomin yunwa a fili suke ga mai lura. A kara faifan a kunne: in yana fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa, ko yana ɗan ƙara ƙit-ƙit ko tsiwa a hankali, wuta yake nema. A Raspberry Pi 4, in jar fitilar da ke kan farantin tana ƙiftawa ko ta mutu alhali kwamfutar na aiki, wutar ta faɗi ƙasa da wolt 4,63. Ana tabbatar da haka da rubuta umurnin « vcgencmd get_throttled ». In amsar ta ƙare da « 0x0 », wuta ba ta taɓa gazawa ba tun da aka kunna. In ta ba da « 0x50000 », ta gaza a baya, in kuwa « 0x50005 » ne, yanzu haka tana cikin gazawa.

Maganin farko shi ne sharja ta gaskiya: wolt 5,1 da amfer 3 ga Raspberry Pi 4. Abin da aka rubuta a bayan sharjar kasuwa ba kullum ne take bayarwa ba, araha kuwa ba ta ado. Na biyu, a cire duk abin da aka jona, a bar faifan shi kaɗai a ƙofa mai shuɗin baki. Na uku, wanda ya fi raba gardama, a sayi marabar USB mai sharjarta ta kanta, wadda ake kira hub, don faifan ya ci wutarsa daga bango, kwamfutar ta ci tata. Manyan faifai masu inci 3,5 kuwa wolt 12 suke buƙata, ba su tashi ko kaɗan sai da tasu sharja. Masu aiki da batir mai wolt 12 su lura da na'urar da ke sauke musu wuta zuwa wolt 5, domin ƙananan nan na cikin mota da yawansu ba su ɗaukar wannan nauyi.

Igiya ma tana da nata laifi

Doguwar igiya siririya tana shanye wuta a hanya, kamar yadda dogon tiyo ke rage ƙarfin ruwa. Wasu igiyoyin kuma na sharje salula ne kawai, babu wayoyin da ke ɗauke da bayani cikinsu, fitilar faifan za ta kama amma kwamfutar ba za ta ji kome ba. Bakin da ke shiga jikin faifan shi ma yana saki in an daɗe ana cirewa ana maidawa, ga ƙurar hunturu da ke toshe shi. Sai a gwada wata igiya gajeriya mai kauri. A kuma kai faifan ga wata kwamfuta, ta teburi ko ta hannu. In ya fito can, an huta da zancen mutuwarsa.

A tambayi kwamfutar abin da ta gani

Mai tambaya ba ya ɓata. Tsarin Linux da Raspberry Pi ke aiki da shi yana ba da amsa in an tambaye shi daki-daki, sai dai saƙonninsa da Ingilishi suke fitowa ko da an sa kwamfutar da Faransanci. Tambayoyin uku ne.

Ta farko « lsusb ». Tana jera duk abin da ke jone a ƙofofin USB, kowane da lambarsa. In faifan bai fito cikin jerin ba, a koma ga wuta da igiya, babu amfanin taɓa wani abu. Ta biyu « sudo dmesg », wadda ke nuna littafin da kwamfutar ke rubuta abin da ya same ta. A cire faifan, a maida shi, a karanta layukan ƙarshe. Kalmar « over-current » ko « voltage » zancen wuta ne. Kalmar « reset » da ke ta maimaituwa tana nuna faifan na yankewa yana dawowa. « I/O error » kuwa, in wuta da igiya sun tabbata lafiya, alama ce ta ciwo a jikin faifan. Ta uku « lsblk -f ». Katin da kwamfutar ke tashi a kansa yana fitowa da sunan « mmcblk0 », faifan kuwa « sda », sashensa na farko « sda1 », a gefe kuma a ga irin tsarin da aka shirya shi da shi.

In « sda1 » ya fito, to kwamfutar ta ga faifan, buɗe shi ne ba ta yi ba. Tsarin Raspberry Pi OS Lite, wanda ba shi da hotuna sai rubutu, ba ya buɗe faifai da kansa. Sai a yi masa masauki da « sudo mkdir /mnt/faifai », sannan a buɗe shi da « sudo mount /dev/sda1 /mnt/faifai ». Mai son ya riƙa buɗuwa duk lokacin da aka kunna sai ya rubuta shi cikin takardar « /etc/fstab » da lambarsa ta UUID, domin sunan « sda » na iya sauyawa in an jona faifai biyu. Kada ya manta da kalmar « nofail » a layin, in ba haka ba ranar da faifan ba ya nan kwamfutar za ta tsaya a hanya ta ƙi ƙarasa tashi.

Akwai kuma wata matsala da ta yi suna tun fitowar Raspberry Pi 4: wasu akwatunan faifai ba su jituwa da hanyar sadarwa mai sauri da ake kira UAS. Alamarta, faifan na aiki a baƙar ƙofa ta USB 2, amma a shuɗiya sai ya daskare. Ana gyara ta da rubuta « usb-storage.quirks=aaaa:bbbb:u » a farkon layin takardar « cmdline.txt », a bar fili guda bayansa, inda « aaaa:bbbb » ke tsaye a madadin lambar da « lsusb » ta nuna. Tun tsarin Bookworm na 2023 takardar tana cikin « /boot/firmware ». Layi guda ne tak cikinta, kuma haka ya kamata ta zauna.

Kowane gida da harshensa

Faifan da aka saya a kasuwa yawanci da tsarin NTFS na Windows yake zuwa, ko exFAT. Linux na karanta exFAT da kansa tun 2019, NTFS kuwa wani lokaci sai an ƙara manhajar « ntfs-3g ». In an fizge faifan daga Windows ba tare da an sallame shi ba, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, yakan zauna da alamar aikin da ba a gama ba, sai Linux ya ƙi buɗe shi ko ya buɗe shi don karatu kaɗai. Sai a maida shi Windows, a bar ta ta duba shi, a sallame shi yadda ya kamata.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Wani kaso na wutar Maraɗi da Damagaram daga layin Katsina yake zuwa, na Yamai daga na Birnin Kabi, kuma kowa na tune da yadda aka sha duhu bayan Nijeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 cikin takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairu na 2024. Ko ba takunkumi, lokacin bazara wuta na ɗaukewa ba sallama. Kowace ɗaukewa da ta tarar da faifai cikin rubutu tana iya barin tabo. Ƙaramin ondiler, ko batir da ke riƙe kwamfutar da faifan tare, ya fi kuɗin da za a kashe wajen neman abin da ya ɓace sauƙi.

Tambayar da ba a amsa ta da i

Babban haɗari yana nan. Faifan da aka shirya da tsarin ext4 na Linux, in an jona shi da Windows, ba ta gane shi ba, sai ta ce a yi masa format kafin a yi amfani da shi. Haka take cewa in kan faifan ya ɗan lalace. Wanda ya danna i, ya shafe jagorar da ke nuna inda kowace takarda take, ya ƙara ma mai ceto wahala. Ɗan kasuwar da bashin abokan cinikinsa ke ciki, da sakataren da jerin ma'aikata ke hannunsa, su riƙe wannan da kyau, su kuma faɗa ma yaran da ke taɓa musu na'ura: ba a yin format ga faifan da ke ɗauke da abin da ake so. In an kai shi wajen mai gyara, a gaya masa haka tun daga bakin ƙofa, domin wanda aka ce ma ya sa faifai ya yi aiki, hanyar da ta fi masa sauri ita ce ya shafe shi.

In wuta ta isa, igiya lafiya, amma faifan na ƙara ƙwas-ƙwas a kowace kwamfuta, a kashe shi nan take, domin kowane juyi ƙara masa rauni yake. Kada a kwance shi don a leƙa: allurar da ke karatu tana shawagi bisa farantin da tazarar da ƙwayar ƙura guda ta ninka ta nesa ba kusa ba. In yana karantuwa jefi-jefi, masu sani na fara kwafe shi gaba ɗaya kan wani faifan da manhajar « ddrescue », sannan su yi aiki kan kwafin da TestDisk ko PhotoRec, manhajoji na kyauta na wani Bafaranshe, Christophe Grenier, masu maido da sashen da ya ɓace ko takardun da aka goge.

Bayan duk wannan, faifai kayan ƙarfe ne mai juyawa, zafin watan Afrilu da faɗuwa daga teburi na rage masa kwana. Manomi ba ya zuba iri da cimaka cikin rumbu guda. Abin da asararsa za ta tsaida ciniki ko aikin buro, a kwafe shi kan faifai na biyu a ƙarshen kowane mako, a ajiye na biyun a wani ɗaki dabam, ba jone da wuta ba.