Yadda Aka Raba Malaman Samaru Da Ma'aikatan Sabon Gari

A zamanin shugabancin marigayi Dakta Mahmud Modibbo Tukur na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga inuwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa. Da haka malamin Samaru da ma'aikacin jirgin ƙasa na Sabon Gari suka zama 'yan gida ɗaya, abin da bai yi wa gwamnatin Janar Babangida daɗi ba.

A 1986, bayan 'yan sanda sun harbe ɗalibai a Samaru, sai ta raba ƙungiyoyin biyu da dokar soja. Cikin shekarar kuma shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, har sayen littattafai da kayan bincike ya gagari jami'a. Da malamai suka tafi yajin aiki a 1988, gwamnati ta haramta ƙungiyarsu, ba ta ɗage haramcin ba sai 1990.