Shari'ar Gani Fawehinmi: Ranar da kotu ta hana mai ƙara zama alƙali

Duk lauyan da ke tsayawa gaban Babbar Kotun Jihar Gombe, sunansa yana cikin rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli a Abuja. Idan ya ci amanar wanda yake karewa, Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wato LPDC, yana da ikon yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko ya sa a soke sunansa ɗungurungum. Sai dai ikon nan yana da linzami, kuma wata shari'a da ta samo asali a 1981 ce ta ɗaura masa shi.

A shekarar, mujallar West Africa da ake bugawa a Landan ta fitar da tallar wani littafin rahotannin shari'a da Cif Gani Fawehinmi ya tsara, tallar kuma ta kambama sunansa. Ƙa'idar aikin a lokacin ta hana lauya tallata kansa, saboda haka aka tuhume shi. Ofishin Antoni Janar na Tarayya, Cif Richard Akinjide, shi ya tsara tuhumar, alhali dokar lauyoyi ta 1975 ta ɗora Antoni Janar a kan kujerar shugabancin kwamitin.

Fawehinmi ya garzaya Babbar Kotun Legas, ta hana kwamitin sauraron ƙarar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan haka, sannan a 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar, bisa sashe na 33 na tsarin mulkin 1979. Dalilinta shi ne, wanda ya shigar da ƙara ba ya yanke hukunci a kanta, ko da kuwa mutum ne adali.

A 1986 aka ga amfanin wannan ƙa'ida a Arewa maso Gabas. Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri, domin mataimakin shugaban jami'ar da aka ɓarnata wa gida a tarzomar 1983 shi ya shugabanci kwamitin bincike.

Yau sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ne ke riƙe da wannan haƙƙi. Daraktan da ya ba ma'aikaci takardar tuhuma, a sakatariyar tarayya ta Gombe ko ta Abuja, idan ya zauna a kwamitin da zai hukunta shi, ya buɗe wa kotu ƙofar rushe korar, ko da laifin ya tabbata.